Anzar Yini Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya rufa mini asiri ta hannun wata tsohuwa alhali ban cancanta ba. Na sa a rubuta wannan ne saboda mata masu gaggawa a bakin murhu, don ni ma gaggawa ce ta kai ni inda ta kai ni. Shekaru da yawa ina ba da labarin jinyar surukata, amma kullum in na zo wani wuri sai in tsallake. Yau ba zan tsallake ba.

Sunana Dije, amma a unguwarmu cikin Filinge ba mai kirana haka. Ta-sauke ake ce mini, wai kafin wata ta gama hura wuta ni na sauke tukunya. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye ba, kuma ba a banza na same shi ba. Ranar da na samu sarari nakan surfa hatsin kwana huɗu gaba ɗaya, in shanya ya bushe ƙarau, kullum sai in ɗebi na yini in daka. Kuka da kuɓewa da yakuwa tun kaka nake dake su, kowace da 'yar tukunyarta. Wake ina jiƙa shi tun asuba, in jefa masa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa, kafin ka ce me ya yi laushi. Tuwon yamma nakan tuƙa da yawa don a samu ɗumame da safe, tukunyar miya kuma ina jingina ta da murhun tuwo, wuta ɗaya ta yi mini aiki biyu. Duk waɗannan dabaru ne na ƙwarai, har gobe ina koya wa ɗiyan mutane. Guda ɗaya ce ta ɓaci, kuma ita zan faɗa.

Shekarar da fara ta cinye hatsin ƙasarmu ta Kurfai tun yana bisa kara, Nasara bai daɗe da kafa barikinsa a garinmu ba. Anka ɗebi maza aikin dole wajen Yamai, har da maigidana. Gida ya rage daga ni sai yarana biyu sai uwarsa, wadda nake ce wa Inna. Mai duba mu shi ne Baba Arzika, ƙanen marigayi mijinta, gidansa na jikin namu. Ana cikin haka anka ce kowace unguwa ta ba da matan da za su riƙa daka wa soja hatsi. Mai unguwa bai ko yi dogon tunani ba, ya ce ga Ta-sauke. Wasu suna zuwa sau biyu tsakanin kasuwa da kasuwa, ni kuwa kusan kullum, daga hantsi har la'asar sakaliya. Sunan da nake taƙama da shi, shi ya jawo mini. Ina daka farin hatsi ga bayin wani, gidanmu kuwa rumbu ya zama wurin kwanan kaji.

Anza muke ci. Yaran yanzu ba su san ta ba sai a matsayin wani ɗan icce mai kore a tudu. 'Ya'yanta kamar wake suke in an ɓare, amma ɗacinsu ba a magana, kuma ɗacin nan guba ne. Sai an jiƙa su kwana bakwai, kullum a zubar da ruwan a sa sabo, sannan a dafa, shi ne ake kira dilo. Kwana bakwai da ruwa bakwai, a garin da rijiya ke da zurfin da guga ke ɓacewa ido, ga layin mata ga na shanu. Ni da nake dawowa daga bariki hannuna duk kanta ta fashe.

Inna ta ga ina fama. Wata rana ta ce, "Ɗiyata, jera tukwane. Kullum ki jiƙa kaɗan a sabuwar tukunya. Bakwan farko ne wuya, bayan nan kowace safiya akwai wadda ta kai."

Na durƙusa na ce, "To, Inna." Tsakanina da ita akwai kunya, ba na musu da ita, ba na cin abinci gabanta, ko ido ba ma haɗawa sosai. Amma a zuciyata cewa na yi, tsofaffi dai da son tsawaita abu. Ni da nake sa wake ya nuna kafin a gama gaisuwa, anza ce za ta zaunar da ni kwana bakwai?

Sai na ƙulla tawa dabarar. In ɓarza ta a turmi don ruwa ya shige ta, in tafasa da kanwa mai yawa in zubar, har sau uku, shi ke nan. Da na tsaya nan na gwada a ɓoye, da da sauƙi. Amma bakina bai iya riƙe abu. A bakin rijiya na faɗa wa Zali maƙwabciyata, da wasu mata biyu suna ji, cewa na gano yadda ake dilo a yini ɗaya, su zo ranar da ba ni da bariki su gani da idonsu.

Ranar ta zo. Rabin tiya na gwada, wato rabin kwanon awo. Na ɓarza, na tafasa, na zubar, sau uku yadda na tsara. Kafin su iso na ɗebi kaɗan na sa a baki. Ga wurin da nake tsallakewa in ina ba da labari: na ji ɗacin. Ba a saman harshe yake ba, can ƙasa yake, yana maƙale a maƙogwaro. Na san bai fita ba. Na tsaya riƙe da ludayi, ina jin muryar Zali tana sallama a ƙofar gida. Maimakon in ce musu abin bai yiwu ba, sai na jawo yaji da daddawa na zuba har da ƙari, na sa gishiri, na juya.

Sunka zauna a inuwar zana. Zali ta zo da 'yar ƙwarya a hannu, don in ya yi daɗi ta ɗiba wa yaranta uku. Yadda aka saba, akushin farko na babba ne, na juye duka a ciki na kai gaban Inna, da nufin ta taɓa a raba. Ta sa loma ɗaya. Ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa ina tsaye ina murmushin wadda ta gwada gwaninta.

Ta ce, "Yaran nan kar a ba su wannan, yajin ya yi musu yawa. Akwai ɗan gari a ƙwaryata ta rataye, dama musu kunu."

Matan sunka miƙa hannu, kowace ta tsinci ɗan kaɗan. Yaji ya rufe musu baki, sunka ce lalle Ta-sauke ba ta da dama. Zali ta matso da ƙwaryarta. Sai Inna ta jawo akushin jikinta ta rungume.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, ɗiyana. Na daɗe ban ci abu mai yaji ba. Yau dai tsohuwa za ta yi rowa."

Anka yi dariya. Ta zauna ta cinye shi tas, a hankali, loma bayan loma, har ta suɗe akushin. Matan sunka tafi suna ƙunshe dariya, na ji ɗaya na cewa yunwa ba ta bar wa kowa mutunci ba bana. Ni kuma abin da na ji a raina, Allah ya gafarta mini, haushi ne, wai ta hana mutane su yaba aikina yadda ya kamata.

Da gari ya waye na same ta bayan ɗaki ta dafa bango tana amai. Kafin hantsi zawo ya biyo. Ta ce kanta na juyawa, cikinta kamar ana murɗa shi. Tun a nan na san ko mene ne, ba wanda ya buƙaci ya gaya mini. Na ɗauki tulu na tafi rijiya, rabi don ruwa, rabi don in guje wa idonta.

Makon farko na masu shawara ne. Wata ta ce iska ce ta gindin gawo, a yi turare. Anka yi, hayaƙi ya ƙara mata amai. Malamin unguwa ya aiko da rubutu, bai karɓi komai ba, Allah ya saka masa. Baba Arzika kuwa ya aika anka zo da wani mai magani daga wajen Tabla. Mutumin ya danna cikinta ya ce wani abu ne ya zauna a ciki, sai an koro shi. Ya ba da saiwoyi da sassaƙe, a dafa ta sha safe da yamma. Zakaranmu ɗaya da ya rage shi ya bi shi. Maganin na wanke ciki ne, kuma yana aikinsa: in ta sha, ba ta kai ƙofa. Baba Arzika ya ce alhamdu lillahi, ciwon ne ke fita. Ni ce mai dafa maganin, ni ce mai miƙa mata, bakina a rufe.

Kada wani ya ce ban san abin da nake tsoro ba. Na sani sarai. Matar da ta ba uwar mijinta abin da ya kwantar da ita, mijin ba ya gari, ba ta da wurin zama a gidan. Za a ce in tattara in koma gidanmu, yara kuma na gidan ubansu ne. Ga kuma bakin rijiya, inda anka san ni da suna. Ina jin kunyar faɗa, amma na biyun ya fi tsaya mini a rai fiye da na farkon.

Ranar kasuwa ta zagayo, Inna ta zama abin tausayi. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye ba ta komawa. Baba Arzika ba ya son bariki ko kaɗan, yana cewa wanda ya shiga ɗakin maganin Nasara da ƙafarsa da wuya ya fito da ita. Amma da ya ga ba ta iya zama sai an tallafe ta, ya aro jaki. Munka ɗora ta, ina riƙe da ita ta gefe, yana jan akala.

Ɗakin maganin ɗan ɗaki ne na ƙasa a gefen bariki. Mutane na zaune a layi a rana, masu gyambo, masu ciwon ido, da yara masu kumburin yunwa. Wani gardi na tsaye da bulala yana shirya layi, kuma shirin nasa shi ne matan soja su wuce gaba. Ya gane ni. Ya ce, "Ke ba mai daka ba ce? Wa ya ba ki hutu?" Na nuna masa Inna. Ya tsuke baki ya wuce. Munka wuni nan, Inna kwance bisa zanena, har anka rufe ƙofa ba a zo kanmu ba. Washegari munka sake ɗora ta bisa jaki. Wannan jigilar kaɗai ta isa ta kwantar da mai lafiya, kuma har yau ban yafe wa gardin nan ba.

Likitan Nasara ba ya nan, sai jifa-jifa yake zuwa. Wanda munka samu baƙar fata ne, anfirme ake ce masa, Bazabarme mai Hausa a karkace. Shi kam mutumin kirki ne. Ya durƙusa har ƙasa gabanta, ya ce mata "Inna", ya ja fatar idonta, ya danna cikin a hankali. Sannan ya juyo gare ni.

"Mi ta ci?"

Na ce, "Abin da kowa ke ci. Dilo."

"Kwana nawa cikin ruwa?"

Baba Arzika na tsaye a kaina. Na ji bakina ya ce, "Bakwai."

Anfirme ya dube ni ya daɗe. Sannan ya sunkuya wajen Inna. "Inna, bakwai?"

Idonta a rufe yake, na ɗauka ma ba ta ji. Sai ta ce, "Bakwai ne."

Da ƙasa ta tsage a lokacin nan da na shige. Anfirme ya miƙe ya wanke hannu. Ya faɗi wata kalma ta Nasara, puwazon, wadda har yau ba ta bar kunnena ba, ya ce guba ke nan. Ya ce ya ga mutane da yawa bana da anzar da ba ta kai ba ta kwantar. In da ita ce, ya ce, ba a ba mutum komai mai wanke ciki, don cikin ya wanku har ya gaji, sai nono da ruwan da anka tafasa, kaɗan-kaɗan, yini duka. Amma tunda mun ce bakwai, to wataƙila zazzaɓi ne ya sauka a ciki. Ya ƙulla mana wani farin gari mai ɗaci a takarda. Bisa hanya Baba Arzika ya ce, "Kin ji ko? Shi ma ya ce ba guba ba ce. Sai a ci gaba da na mutumin Tabla, a haɗa da nasa."

Na ce, "To, Baba."

Mako na uku na yi abin da matsorata ke yi, wato rabin gaskiya. Na kai zanen aurena kasuwa, wata Bafillata mai kawo nono daga wajen Sanam ta karɓa, ta riƙa ajiye mini ɗan ludayi biyu duk da shanun ba su da komai a jiki. Ina ba Inna nono da tafasasshen ruwa in ba kowa. Maganin Tabla kuwa Baba Arzika da kansa yake zuwa safe da yamma ya tsaya sai ta shanye. Ba ni da bakin hanawa sai na faɗi dalili, don haka na riƙa ƙara masa ruwa a ɓoye. Ya rage ƙarfi amma bai daina aiki ba. Abin da nono ya gyara da rana, magani ya rushe da yamma. Ƙafafunta sunka fara kumbura.

A makon nan ne kunya ta faɗi tsakanina da ita. Ba ta iya tashi, ba wata mace a gidan sai ni. Ranar farko da na zo da ruwa zan wanke mata jiki, na tsaya bakin ƙofa na kasa shiga. Ta ce, "Shigo, ɗiyata. Wadda ta ga wannan ta wuce suruka." Na wanke ta, na sake mata tabarma, na shafa mata man shanu a baya inda ƙashi ya fara cin fata. Jikinta ba nauyi, kamar ka ɗauki damin kara. Tana ta sa mini albarka. Kowace albarka ji nake kamar an watsa mini ruwan zafi, don na san ta sani, kuma ta san na sani.

Gardi ya zo har gida nemana, ya ce turmin bariki ba ya jiran ciwon tsohuwa. Zali ce ta fito ta ce ita za ta riƙa zuwa a madadina. Ba wanda ya roƙe ta. Ga ta da yara uku, nata mijin ma yana wajen aikin dole. Alherin Zali ba zan iya biyansa ba, kuma ita ma ta tafi inda ba a biya sai da addu'a.

Kwana huɗu tana yi. Rana ta biyar ta leƙo da la'asar, fuskarta duk dusa, ta gaida Inna. Ta ce, "Dije, ashe haka kike sha? Yau ko ruwan anzata ban sake ba, ban san mi zan ba yaran can ba. Ɗan ba ni kanwa in kina da ita." Na ɓallo mata na ba ta, ta fita. Na koma ina fifita Inna. Sai can maganar ta dawo mini: ba ta da lokaci, yara na jira, ga anza, ga kanwa, kuma ni na nuna mata hanya da hannuna. Ƙaramin nata bai daɗe da yaye ba.

Ban san na fita ba kallabi ba. Na faɗa gidanta ba sallama, na tarar da tukunya bisa wuta, na sa hannu na ture ta. Wake ne ya watse a toka, ɗan waken da wata matar soja ta ba ta.

Zali ta ce, "Dije, lafiyarki?"

Na durƙusa ina tsince mata waken ina kuka. Na ce kar ta kuskura ta yi dilon yini ɗaya, shi ya kwantar da Inna, guba ne, ni na sani tun ranar.

Ta ce, "Ai mun sani. Dubi can." Tukwane ne jere a gindin zana, kowace da marfinta. "Inna ta riga ki. Washegarin ranar na zo gaishe ta kina rijiya. Ta ce in gaya wa mata kar wadda ta gwada, dabarar ba ta da kyau. Ta ce ita ta koya miki, wai ta taɓa ji wajen kakarta, ashe tsufa ya sa ta rikita. Ta ce maganar ta tsaya tsakanin mata, kar maza su ji su yi mata dariya."

Na ce, "Ita ta ce ita ta koya mini?"

"Haka ta ce. Mu duka tausayinki muke ji, tsohuwa ta sa ki aiki, ta cinye da kwaɗayi, ta bar ki da jinya."

Mako uku ke nan unguwa na yi wa Inna kallon tsohuwa mai kwaɗayi da ruɗewa, ni kuma ana yi mini sannu. Na gaya wa Zali komai, har da ɗanɗanon da na yi da yajin da na ƙara. Ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da wanke wakenta, ba ta dube ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na koma gida na tarar da Baba Arzika ya zo ba da magani. Na ɗauki tukunyar saiwoyin na kai bayan zana na kifar. Na dawo na durƙusa nesa da shi, kaina ƙasa. Na ce, "Baba, ƙarya na yi gaban anfirme. Ba kwana bakwai ba ne, yini ɗaya ne. Ni na dafa, ba wanda ya koya mini. Maganin nan kashe ta yake yi."

 Ya ce, "Kina kallo ina ɗura mata, mako uku?"

Na ce, "Ina kallo, Baba."

Ya ce, "To. In ɗana ya dawo, shi zai yanke. Amma ni ba zan ƙara cin abin hannunki ba." Kuma bai ƙara ba har ya mutu.

Muryar Inna ta fito daga ɗaki, siririya. "Arzika."

"Na'am, Yaya."

"Ba wanda ya ɗura mini. Da hannuna na ci. Yarinyar ga tana gidan ga, ko ina raye ko ba na raye. Ka ji da kunnenka, ka gaya wa ɗana."

Bayan an daina maganin ta ɗan farfaɗo. Zawon ya tsaya, ta fara riƙe kunu, har wata rana ta ce in fitar da ita inuwa ta ga jikokinta. Na ɗauka mun tsallake. Amma jikin ya riga ya zube, ga tsufa, ga yunwar da ta riga ciwon zuwa. Na koma wajen anfirme ni kaɗai na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Na gani a idonki ranar nan. Da kin faɗa." Ya ce a ci gaba da nono, ba shi da abin da ya fi shi.

Wata safiya, hadarin farko ya fara haɗuwa gabas, ina shafa mata mai a ƙafa. Na tattara ƙarfin halina na ce, "Inna, kin ji ɗacin?"

"Tun lomar fari."

"To don mi kinka cinye?"

 Sai ta ce, "Zali ta zo da ƙwarya. In na bar saura, yaranta za su ci. In na ce a zubar, ga mata uku zaune, ke kuma kina tsaye kina murmushi. Na duba na ga cikin da ya fi araha a wurin nan nawa ne." Ta ɗan motsa baki kamar mai dariya. "Amma gishirin ya ji daidai, wannan kam ba a ƙwace miki."

Kwana tara bayan nan ta rasu, ranar da anka fita shuka. Da maigidana ya dawo ban bari ya ji a bakin kowa ba. Ya fita ya wuni a gona, da ya dawo ya ce abin da uwarsa ta ƙulla shi ba zai kwance ba. Na zauna a gidan, na haifi wasu huɗu, ta farkonsu sunan Inna ta ci.

Ku mata, ku surfa na kwana huɗu, ku daka kayan miya tun kaka, ku jiƙa wake da asuba, ba laifi. Abin da ke son kwana bakwai kuwa ku jera masa tukwane, dabarar Inna ita ce mai saurin gaske. Kuma in kun ɗanɗana kun ji ba daidai ba, ku faɗa tun baƙi na bakin ƙofa, kar ku jawo yaji. In mai magani ya tambaye ku abin da mara lafiya ya ci, ku gaya masa ko wa ke tsaye a kanku.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya yafe mini nawa. Har yau akwai tsofaffin da in mun haɗu a rijiya sukan ce, "Ta-sauke, ina kwana?" Ina amsa gaisuwar, amma nakan ce musu sunana Dije.